Rigar da Ba Za a Ɗinke Ba

Yahuza bai iya zama ba. Wannan kowa ya sani a kamfanin jimar fatun da yake aiki a Challawa. An ba shi ofis, an sa masa fanka da kujera mai juyawa, amma yau shekara talatin ke nan babu abin da kujerar nan take ɗauka sai hularsa. A tsaye yake cin abinci, a tsaye yake shan shayi, in kuwa magana kake so da shi, sai dai ka bi bayansa yana zagaya rumfunan shanya. Aikinsa tantance fata: ya ɗaga fatar akuya ta sha haske, ya murza ta da yatsu biyu, ya ce wannan lamba ɗaya ce, waccan wuƙar mahauci ta cuce ta. Ya ba sittin da biyar baya, gwiwa ta fara kuka, amma halin na nan daram.

Sai dai ba don fata Kano ta san shi ba. Duk wanda ya yi wayo a zamanin da talabijin ɗaya ke tara yaran layi guda ya san Manaja Yaga-Riga. Shirin ban dariya ne da ake nunawa kowace Alhamis da yamma. Yahuza, da yake fari ne sol, shi ke fitowa a Baturen manajan wani kamfani, mai masifa, mai karyayyiyar Hausa. Kullum sai ma'aikata sun yi masa wata ta'asa. In abin ya kai masa iya wuya sai ya daka tsawa, “Ni kore ka! Ni kore kowa!” sannan ya tsaya ƙyam, ya cafki wuyan rigarsa, kyaat! ya tsaga ta har ƙirji, ya zube ƙasa ya miƙe ƙafa. Nan take masinjansa, wanda wani tela mai suna Inuwa ke fitowa a matsayinsa, zai rugo yana zaro allura daga hularsa, ya durƙusa yana ɗinki yana “Haƙuri Manaja, haƙuri Manaja,” a rufe shiri. Shekara goma sha ɗaya ana wannan abu ɗaya, kuma wallahi mutanen Kano ba su taɓa gajiya ba.

An daina shirin tun kafin a haifi rabin ma'aikatan kamfanin, amma guntayensa sun dawo suna yawo a wayoyi. Don haka har yau in ya shigo da safe sai wani ya ɗaga murya daga wajen gangunan jima, “Manaja, a yaga mana ɗaya mana!” Shi kuma ya zare ido ya kore kowa, a kwashe da dariya. Alhali Hausar da ke bakin mutumin nan, in ya saki jiki, ko ɗan cikin badala ya ji sai ya tambaye shi unguwarsu.

Sunan da uwarsa ta sa masa Yehuda ne, Kano ta mai da shi Yahuza. Bayahude ne, haifaffen Turabulus. Yana ɗan shekara tara aka tashi da ƙone-ƙonen shagunan Yahudawa a birnin. Suka yi kwanaki a kulle a ɗaki ɗaya, shi da ubansa Sham'un da yayarsa Mas'uda da kakarsu, uwar kuwa ta riga ta rasu tun yana ƙarami. Daga ƙarshe suka fita ƙasar kowa da akwati ɗaya, aka sauke su a sansanin 'yan gudun hijira a Italiya. Sham'un ɗan kasuwar fata ne, kuma ya daɗe yana sayen kayan Kano ta hannun wani Alhaji. Shi ya rubuta wa, shi kuma ya samo masa aiki a wani siton fatu a Bompai. Kakar tasu ba ta da ƙarfin tafiya, aka bar ta a can da niyyar in an zauna za a aika mata.

Ba a kai ga aikawar ba. Wata biyar da zuwansu aka miƙo wa Sham'un takardar waya ta rasuwarta a tsakar siton, Yahuza na tsaye gefensa. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu. Sai ya kama wuyan rigarsa ta ɓangaren hagu, daidai saitin zuciya, ya tsaga ta har ƙirji, ya tuɓe takalmi, ya zauna a ƙasa tsakanin fatun da aka barbaɗa wa gishiri. Al'adarsu ce ta makoki: a yaga riga, a zauna a ƙasa kwana bakwai. Yo leburori ina suka san wannan? Ba mugunta ba ce, ba su dai taɓa ganin farar fata zaune dirshan a turɓaya ba, sai suka fashe da dariya. Yaron ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Amma ya lura da abu ɗaya, bai kuwa manta ba: tun da rikicin nan ya fara, ranar ce farkon da ya ga taro ya kewaye ubansa babu dutse a hannun kowa.

Daga nan ya kama sana'ar ba da dariya tun kafin ya san sana'a ce. A makaranta, da zarar an fara tambayarsa shi wane iri ne, Kwara ne ko Balarabe, sai ya kwaikwayi tafiyar hedimasta, a manta da tambayar. Yana da shekara ashirin da huɗu aka zo neman fari mai jin Hausa don sabon shiri. Wajen gwaji aka ce ya nuna fushi. Bai shirya ba, hannunsa ne kawai ya tafi wuyan riga. Mai ɗaukar hoto har da riƙe ciki.

Sau ɗaya Sham'un ya kalli shirin, a gidan maƙwabci. Ya dawo bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, “Makokin uwata ne wannan.” Bai sake ta da zancen ba har ya mutu. Ranar da aka kai shi maƙabartar baƙi, Yahuza ya ɗora hannu a wuyan riga zai yi abin da ya wajaba a kansa, sai ya ga leɓɓan masu haƙar kabari sun fara motsi, suna jira. Ya mai da abin susar wuya. Bai yaga ba, bai zauna ba, washegari ya tafi aiki.

Mas'uda tana aure a birnin Rum na Italiya a lokacin, kuma ba ta taɓa yafe masa wannan duka ba. Duk da haka kowace Lahadi sai ta kira shi, su gauraya Larabcin gidansu da Hausa, ta yi masa faɗan bai yi aure ba, ya yi mata tsiyar ta manta yadda ake tuƙa tuwo. Watan jiya kuwa ta ƙi yin dariya.

“Ka saurare ni,” ta ce. “Mijina ya tafi, ɗa ban haifa ba. A duk duniyar nan kai kaɗai ne za ka yaga riga domina. Ka yaga, ka zauna min kwana bakwai a ƙasa kamar ɗan mutane. Kada ka yi min abin da ka yi wa Baba.”

“Haba Yaya, ke da za ki binne mu duka.”

“Ba wasa nake ba. Rantse.”

Ya rantse.

To, ranar Talata da hantsi, yana riƙe da fatar tunkiya, wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce daga gidan tsofaffin da Mas'uda ke zaune, tana harhaɗa Turanci da ƙyar. Shekaranjiya ta rasu. Sai yau suka gano lambarsa a cikin kayanta. An binne ta da safe.

Yahuza ya yi godiya har sau uku, shi ma bai san ta mece ce ba. Ya ajiye fatar a kan lamba ɗaya, ya ɗauke ta ya mayar lamba biyu, ya sake ɗauka. Abin da ya sani shi ne a tsaye ake yagawa, kuma ba a jinkiri bayan an ji. Ya nufi ofis, ya tarar da Firdausi akawu da wasu baƙi biyu suna jiransa, ya juya kafin su gama miƙewa. Ya leƙa sito, leburori na lodi. Ya je har ƙofar banɗaki, ya tuna akwai sunan Allah a kalmomin da zai faɗa, ya fasa. Ya bi ta wajen ganguna, wani ya kira “Manaja!”, ya ɗaga masa hannu bai waiwaya ba. Kai, kamfani guda da faɗinsa, a ce babu taku biyu da mutum zai tsaya shi kaɗai!

Can bayan rumfar shanya ta ƙarshe, jikin katanga, inda kwatar ruwan jima ke bi ta fita, nan ya samu. Wari ne ya kori kowa daga wurin. Ya zaro 'yar wuƙar da yake datse gefen fata da ita, ya ɗan tsaga wuyan rigar ta ɓangaren dama, don haka uban ya koya masa: hagu na iyaye ne, dama na 'yan'uwa. Ya kama da hannu biyu ya ja. Yadin sabo ne, ya yi gardama, sannan ya tafi har ƙirji. Ya faɗi 'yan kalmomin da suka rage masa a ka, na miƙa hukunci ga Alƙalin gaskiya. Ya tuɓe takalmi ya zauna a ƙasa.

Ashe jiniyar tashi cin abinci ta yi kuka bai ji ba. Ashe kuma ta wannan lungun ma'aikata ke yanke hanya zuwa ƙaramar ƙofa, wajen masu sayar da shinkafa da wake.

Ashafa mai kula da ganga shi ya fara ɓullowa. Ya tsaya cak, ya buɗe baki, sannan ya juya da gudu yana ihu, “Jama'a ku zo! Wallahi Manaja ya yaga! Ya yaga!”

Kafin ka ce me, mutum arba'in sun kewaye shi. Tafi, fito, wasu na dukan cinya, wayoyi sun tashi sama. Shekara da shekaru suna roƙonsa, yau ga shi kyauta.

“Yayata ce ta rasu,” in ji Yahuza.

Dariyar ta ƙaru. “Yau Manaja ya iya Hausa!”

“Da gaske nake. Yayata ce.”

“Kai, ka ga hawaye kamar gaske! Tsohon nan gwani ne!” Wani daga baya ya ce, “Ina Masinja? A kawo allura!” Ashafa ya durƙuso da wayarsa dab da fuskarsa, yana share ƙwallar dariya. “Saura ɗaya, Manaja. Faɗi mana ita. Don Allah faɗi mana.”

Nan ne abin takaicin yake, kuma ba laifin Ashafa ba ne. Yahuza ya dubi fuskokin nan arba'in duk suna jira, sai ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, muryar nan ta fito yadda ta saba: “Ni kore kowa!”

Wuri ya kaure. Shi kuwa ya miƙe, ya zura takalmi, ya dafe tsagar da tafin hannu, ya ratsa su ya fita. Zaman da ya yi wa Mas'uda bai kai minti biyar ba.

Ya tari adaidaita a bakin titi ya ce Bompai, shi kaɗai, kada a ɗauki kowa. Ya zauna a gefen kujera, ya koma ɗaya gefen, ya leƙa waje, ya dawo. Da suka ratsa Sharada ya hango shagon Inuwa, ya ma hango shi kansa sunkuye a kan keken ɗinki. Ya ɗaga hannu zai taɓa kafaɗar direba, sai ya sauke. Ya je ya ce masa me? Shekara arba'in da sanin juna, bai taɓa gaya wa Inuwa magana ɗaya da ba wasa a cikinta ba. Tun da aka daina shirin ma sai gaisuwar Sallah, ita ma a waya.

Gidansa ɗaki biyu ne da baranda a bayan tsohon siton da ubansa ya yi aiki, wanda aka rufe tuntuni. Akwatin da suka zo da shi daga Turabulus na nan a bayan ƙofa, a shirye, yadda Sham'un ya bar shi. Yahuza ya yi abin da ya tuna: ya rufe madubi da zanen gado, ya kunna kyandir, ya cire takalmi, ya shimfiɗa tabarma a tsakar ɗaki ya zauna.

Ya tashi ya gyara zanen madubin. Ya zauna. Ya tashi ya matsar da kyandir daga taga. Ya zauna. Ya ji kamar famfo na ɗiga, ya je ya duba, ba ya ɗiga. Da ya zauna sai ya ji dariyar nan a kunnensa, da muryarsa a sama da ita, sai ya zabura ya kama safa da marwa daga ƙofa zuwa taga. Ga yunwa. A al'adarsu mai makoki ba ya fara cin abinci da nasa, sai wani ya kawo masa daga waje. Wa zai kawo? Biredi na nan a kan tebur, yana kallonsa, ya ƙi taɓawa.

Waya kuwa ba ta huta ba. Kafin la'asar hoton ya gama gari. Wannan ya kira ya ce ashe Manaja na nan da ƙarfinsa. Wani saurayi mai shirya barkwanci a intanet ya ce yana so su haɗa wani abu tare, ya ce rigunan ma shi zai saya. Shugaban kamfanin da kansa ya kira yana dariya, wai gobe a sanar da shi kafin a fara. Sau biyu Yahuza ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sau biyu aka katse shi da “Kai Manaja, ba ka da dama!” Ya kashe wayar ya cusa ta ƙarƙashin filo.

Haka gari ya waye masa a tsaye. Ya dubi tabarmar, ya dubi kyandir ɗin da ya kusa cinyewa, ya ce a ransa, ka gani ko, Yaya? Na gwada. Ba zai yiwu ba. Zaman makokin da babu wanda ya san makoki ne, wannan ai zaman banza ne a ɗaki. Ya buɗe sif ya ciro wata riga ya ajiye a kan gado. Ya jawo takalmi ya sa ƙafa ɗaya. In ya fita yanzu zai riski motar ma'aikata. Ya san sarai abin da yake yi, don ya taɓa yin sa, kuma ya tsani kansa.

Sai aka yi sallama a ƙofa.

Inuwa ne. Ya tsufa, ya rame, tabarau a ɗaure da zare, amma allurar na nan a soke a gefen hula kamar yadda kowane tela ke yi. Bai shigo da dariya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon ƙirjin Yahuza, ba fuskarsa ba.

“Jikata Khadija ta nuna min kai a waya jiya da yamma,” ya ce. “Duk gidan ana ta faɗuwa.”

“Shi ne ka zo ɗinki, Masinja?” in ji Yahuza. Har ya fara karya muryar.

“Bar wannan. Tambaya na zo yi.” Inuwa ya matso, ya kama bakin tsagar da yatsu biyu ya duba. “Riga ɗari biyar da wani abu na ɗinke maka. Ni nake warware maka ɗinkin hagu kafin a kunna kyamara, in ɗan kama shi da zare ɗaya don ya yi saurin tafiya. Ko sau ɗaya ba ka taɓa yagawa a dama ba. Ka tuna ranar da darakta ya ce ka sauya saboda fitila, ka ce sai dai a sauya fitilar? Sau shida na sa yarinyar ta maimaita min hoton nan. A dama ka yaga. Kuma ba kan ɗinki ta bi ba, yadin ka ci, har da sawun wuƙa.” Ya ɗago kai. “Wa ya rasu, Yahuza?”

Yahuza ya buɗe baki. Sai maganar ta ɓalle gaba ɗaya, ba tsari, yana tsaye da takalmi a ƙafa ɗaya: Mas'uda, da rantsuwar da ta sa shi, da takardar waya a tsakar sito, da leburori, da abin da ubansa ya faɗa, da susar wuya a bakin kabari. A ƙarshe ya ce, “Al'adarmu ce. Ni Bayahude ne, Inuwa.” Ya faɗe ta a hankali, yana kallon ƙofa.

“Yo labari ka ba ni?” in ji Inuwa. “Mutumin da in ya ci tsire ba ya shan fura da nono sai an jima, ran Asabar kuma kullum ciwon kai don kada a yi ɗauka? Tun muna samari na tambayi babana, ya ce ɗan Sham'un mai fata ne, mutanen kirki ne, in kama bakina. Na kama.” Sai fuskarsa ta sauya, ya dafa bango. “Tsaya. Wato duk shekarun nan makokin kakarka nake rugowa in ɗinke, ana tafi?”

“Ba ka sani ba.”

“Inna lillahi. Kai ma dai ka cuce ni, Yahuza. Ka cuce ni wallahi.” Idonsa ya ciko. Hannunsa ya tafi hula da kansa, ya zaro allurar, don shi abin da ya iya yi wa yagaggen abu ke nan. Yahuza ya riƙe masa wuyan hannu.

“Ba a ɗinkewa. Sai bayan kwana talatin.”

Inuwa ya dubi allurar, ya juya ya soke ta a jikin labulen ƙofa. “Ga ta nan. Ran talatin ni zan ɗinke, kada ka kai wa kowa. Yanzu cire takalmin nan ka zauna.”

“Na kasa. Tun jiya nake gwadawa. Ka san ban iya zama ba.”

“Wa ya iya shi kaɗai? Kai da ka tashi a garin nan, ka taɓa ganin an bar mutum ya yi zaman makoki a ɗaki a kulle? Me kuma al'adar ta ce?”

Yahuza ya gaya masa maganar abinci. Inuwa ya fita, bai daɗe ba ya dawo daga wajen mai shayi da dafaffen ƙwai biyu da biredi da shayi a leda, ya tsaya a kansa sai da ya ci. Sannan ya naɗe tabarmar ya fito da ita baranda, daidai bakin hanya, ya aro wata babba daga masallacin masu gadi ya shimfiɗa a gabanta. Ya ajiye buta a gefe, ya tuɓe takalmansa ya jera su a bakin tabarma, ya zaunar da Yahuza a jikin bango, shi kuma ya zauna a damansa ya ciro carbi.

A Kano ba sai an yi shela ba. Dattijo biyu a kan tabarma a ƙofar gida da hantsi, takalma a jere, ba hira, kowa ya san ma'anarsa. Mai gadin siton da ke kallon gidan, wani tsoho mutumin Nijar, shi ya fara tsallakowa. Ya ga rigar, bakinsa ya ɗan motsa, sai ya ga tabarmar da fuskar Inuwa, ya tuɓe takalmi ya tsuguna.

“Rasuwa aka yi masa,” in ji Inuwa. “Yayarsa.”

Tsohon ya ɗaga hannu zai yi addu'a, ya tsaya yana kallon Inuwa, bai san wacce ta dace ba.

“Haƙuri za ka ba shi, Malam. Shi ke nan.”

“Allah ya ba da haƙuri,” in ji tsohon. “Allah ya sanyaya maka.” Ya gyara zama, bai tafi ba.

Sau uku kafin azahar Yahuza ya yunƙura zai tashi, wai zai duba kyandir, wai zai kawo ruwa. Sau uku Inuwa ya ɗora masa hannu a gwiwa ba tare da ya kalle shi ba, ya tashi ya yi abin da kansa. Da ya tafi salla ma sai da ya bar tsohon mai gadi a wurin, suka yi karɓa-karɓa. A tsakani Inuwa ya karɓi lambar Firdausi akawu ya kira kamfani ya sanar da rasuwar.

Bayan la'asar adaidaita huɗu suka tsaya a bakin layi. Ma'aikatan Challawa ne da suka tashi daga aiki, ko wanka ba su yi ba, warin jima na biye da su. Ashafa ne a gaba, kansa a ƙasa. Suka tuɓe takalma suka cika tabarma, waɗanda ba su samu wuri ba suka tsuguna a ƙasa. Fuskokin jiya ne, su ɗin dai, sun kewaye shi. Yahuza ya ji tsohuwar muryar nan tana taso masa a maƙogwaro, ƙafarsa ta fara neman tashi. Hannun Inuwa ya sauka a gwiwarsa ya danne.

“Baba,” in ji Ashafa, “ya haƙuri?”

“Da godiya.”

“Wallahi ba mu sani ba. Ka faɗa mana har sau biyu, ba mu ji ba. Na goge nawa, amma ya riga ya tafi.” Ya share fuska da hannun riga. “Ya sunan marigayiyar?”

Shekara hamsin da bakwai a garin nan, babu wanda ya taɓa tambayarsa sunan wani nasa.

“Mas'uda,” ya ce. “Ita ta riƙe min hannu a jirgi.”

Daga nan kuka ya ƙwace masa. Ba na dattawa ba, mai ƙarfi, baki a buɗe, kafaɗa na girgiza, riga a yage har ƙirji, ƙafafu a miƙe a ƙasa. Komai daidai da yadda suka saba gani ran Alhamis da yamma. Mutum wajen ashirin na zaune suna kallon tabarma, babu wanda ya ɗaga waya, babu wanda ya yi tari.

Sai da aka kira magariba suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya matso ya ce Allah ya ƙara haƙuri. Inuwa ne na ƙarshe. Ya miƙe da ƙyar yana dafa bango, ya sa takalmi, ya dubi Yahuza da ke zaune inda ya ajiye shi tun hantsi.

“Saura kwana biyar,” ya ce. “Gobe da tabarmata zan zo, wannan taka ta mutu. Kada in tarar da kai a tsaye.”

“Ina zan je?” in ji Yahuza.